Faffaɗar Taya: Daga Amsterdam Zuwa Bakin Tekun Arewa

Baƙon da ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam, abin da zai fara koya tun kafin gaisuwa shi ne kada ya kuskura ya tsaya a kan jar kwalta. Ta masu keke ce, kuma ba sa ɗaukar wasa a kanta. Ƙasar Holan tana da mutane kusan miliyan 18, kekunanta kuwa sun haura miliyan 20. A gaban tashar nan, a ƙarƙashin ruwa, akwai wurin ajiye keke da aka buɗe a farkon 2023, wanda ke cin keke wajen 7,000. Da safe za ka ga uwa da yara biyu a cikin akwatin gaban kekenta, ga lauya da kwat ɗinsa, ga tsohuwa da furanni a kwando, kowa zaune tsaye cak a kan sirdi, tayoyinsu sirara.

A cikin wannan rububi ne wani keke ke ratsowa wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Tayarsa ta kai faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Sirdinsa dogo ne irin na mashin, mai cin mutum biyu, fitilarsa zagayayya, batir a manne a jikin ƙarfen tsakiya. Ba ka jin kukan inji, sai gurnanin roba a kan kwalta, kafin ka waiga ya wuce. Mutanen garin suna kiransa fatbike, kuma da wuya ka ambace shi a gaban mutum uku ba a yi musu ba. Masu ƙin sa suna maganar yaran makaranta da ke tsula gudu a kansa. Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne: babban mutum, mai nauyin jiki da nauyin iyali, wanda gwiwa ta fara yi masa magana, me wannan keke yake yi masa?

Mai masaukina ya isa ya ba da amsa. Bahaushen Kumasi ne, abokin yayana tun suna samari, don haka Yaya nake ce masa. Ya ba shekara sittin baya, yana zaune da iyalinsa a yammacin birnin, yana aiki a wani rumbun ajiyar kaya kusa da filin jirgin sama na Schiphol, inda wani lokaci yakan kama aiki tun kafin asuba. Da can ƙaramin mashin yake hawa, irin mai shuɗiyar lamba wanda ba ya wuce kilomita 25 a awa. A 2019 hukumar birnin ta kori irin waɗannan mashina daga yawancin hanyoyin keke na cikin gari, ta mayar da su cikin motoci, sannan daga ranar 1 ga Janairun 2023 aka wajabta wa masu hawansu hular kwano a duk faɗin ƙasar. Nan fa jama'a suka yi ta sayar da su suna komawa kan keken caji mai faffaɗar taya, wanda a idon doka keke ne kawai: babu lasisi, babu lamba, babu hular kwano, babu iyakar shekaru.

“Ni ba hula ta kore ni ba, Malam,” in ji shi. “Kuɗin mai da na inshora ne, sai kuma likita da ya ce gwiwar nan tana son motsi amma ba ta son wahala.”

Ya miƙa mini makulli ya ce in gwada a cikin gari kafin mu yi nisa.

Abin da jiki ya fara shaidawa shi ne nauyi. Keken Holan na gargajiya bai cika wuce kilo 20 ba. Wannan ya doshi kilo 40. Kafin ka hau, tun kana turo shi daga rumfa, ka san ka kama abu. Amma da zarar ka zauna ka murɗa feda, nauyin sai ya ɓace, domin injin da ke cikin cibiyar tayar baya ya karɓi aikin. Sai dai yadda yake karɓa ɗin yana son sabo. Irin nasa, kamar yawancin masu araha, yana da na'urar da ke lura ko feda tana juyawa ko ba ta juyawa, ba ruwanta da ƙarfin da ƙafa ta sa. Kakan yi rabin zagaye shiru, sannan injin ya ingiza ka gaba ɗaya, kuma idan ka daina murɗawa yakan ɗan ci gaba da turi na ƙiftawar ido. A fili wannan ba komai ba ne. A bakin danja, inda mutum goma ke gabanka kafaɗa da kafaɗa, dole yatsu biyu su zauna a kan birki.

Inda tayar ta fara nuna amfaninta shi ne a kan layin taragon cikin gari. Titunan Amsterdam cike suke da dogo da aka binne a kwalta, kowanne da ramin da ƙafar tarago ke bi. Siririyar taya idan ta shiga ramin nan a karkace, ta maƙale ke nan, mai ita kuma sai ƙasa. Duk ɗan garin ya san a gicciye ake tsallake shi, musamman in an yi ruwa. Tayar santimita 10 ba ta shiga ramin ko kaɗan, ta fi ƙarfinsa. Haka a tsofaffin unguwannin bakin ruwa, inda aka shimfiɗa jan bulo maimakon kwalta, wasu sun zauna wasu sun taso saboda saiwar itatuwa. Na bi ta gefen Prinsengracht ina jiran jijjigar da ke hawa ta hannu ta sauka a ƙugu, sai na ji ta taho a tausashe. Iskar da ke cikin tayar tana da yawa kuma ba a matse take ba, ita ke shanye dukan kafin ya iso ƙashin baya. Gadojin nan masu doro, waɗanda ke sa masu keke miƙewa tsaye a kan feda, na haye su a zaune.

A kwana kuwa sai an yi hattara. Faffaɗar taya tana son miƙewa, in ka karkatar da ita sai ka ji tana jan kan keken zuwa ciki, dole ka riƙe ta da hannu biyu. Wurin ajiyewa ma wani aiki ne. Ƙarafan da ake cusa tayar gaba a ciki an yi su ne don siraran tayoyi, wannan ba ta shiga. Masu hawa biyu kuwa, waɗanda ake janyo na sama a ɗora keke a tura, babu mai ɗaga kilo 40 zuwa can. Sai mai shi ya jingine shi a gefe, ya tare hanyar masu tafiya a ƙasa, ya ƙara wa keken baƙin jini. Ɓarayi kuma suna son sa fiye da kowane keke, har wasu kamfanonin inshora suka daina karɓarsa na wani lokaci, wasu suka tsawwala kuɗi. Yaya sarƙa biyu yake ɗaura wa nasa, kuma ba ya barin batir a jiki ko da sallah zai shiga.

A wata mahaɗa na ga abin da ke tayar wa mutanen garin hankali. Yara biyu, da ƙyar in sun kai sha huɗu, suka wuce ni a kan keke ɗaya, na gaba ko feda ba ya taɓawa, na baya idonsa a kan waya. Ni ina kan kilomita 25 daidai, suka bar ni kamar ina tsaye. Dokar Tarayyar Turai a fili take: kafin a kira abu keken caji, injinsa kada ya wuce wat 250, ya daina taimako idan an kai kilomita 25 a awa, kuma ya yi aiki ne kawai idan ƙafa tana murɗa feda. Totur an yarda da shi ne har kilomita 6 a awa kawai, don turawa a ƙasa. Amma yawancin masu arahar da ake shigowa da su an ƙera su ne da injin da ya fi haka ƙarfi, aka ɗaure shi da manhaja, kuma kwance ɗaurin ba ya wuce danna wasu maɓallai a allon da ke kan keken. Yaro ya koya daga yaro. A 2024 'yan sandan ƙasar suka samu sababbin na'urorin gwaji sama da 200, waɗanda ake ɗora keke a kai a ga iyakar gudunsa, tarar kuma ta haura yuro 300. A shekarar ne hukumar sa ido kan sufuri ta kama irin waɗannan kekuna kimanin 16,500 a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, saboda a haƙiƙa mashina ne da rigar keke. Likitocin sashen gaggawa kuma sun yi ta kira a sa iyakar shekaru da hular kwano, don su ke karɓar yaran da raunin kai.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Wanda ke kan kilomita 40 yana buƙatar filin tsayawa ninki biyu da rabi na wanda ke kan 25. Ƙara nauyin keken da na mutum biyu, sannan ka tuna hanyar ita ce dai wadda tsohuwa mai furanni ke bi. Na tsaya a gefen masu jin haushi a nan, ba tare da wata tantama ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora laifin a kan faɗin taya. Injin da aka kwance wa ɗauri da yaron da aka miƙa wa makulli su ne matsalar, kuma duka biyun aikin manya ne.

Ranar hutunsa muka nufi teku. Na karɓi hayar wani keken na daban a wani shago: shi ma faffaɗar taya, amma babbar ƙafa mai inci 26 maimakon 20 irin ta Yaya, sirdinsa ana ɗagawa ana saukewa, injinsa kuma a tsakiya yake, wajen feda. Mai shagon ya daidaita mini sirdi har sai da ƙafata ta kusa miƙewa a ƙasan zagaye, ya ba ni ƙaramin famfo da geji, ya ce zan neme su. Tun a kwanar farko na ji bambanci. Wannan yana auna ƙarfin da ka taka ne ya ninka maka shi: ka taka a hankali ya taimaka a hankali, ka danna ya danna. Babu fizga, babu jira. Kuɗinsa ya ninka na mai araha sau biyu ko uku, kuma a ƙafa ake jin inda kuɗin ya tafi.

Tsakiyar Oktoba ce, sama ta yi toka-toka, sanyi bai wuce digiri 10 ba. Hanyar Haarlem miƙaƙƙiya ce sambal, tana bin gefen tsohuwar hanyar ruwan da aka haƙa a farkon shekarun 1630, wadda dawakai kan ja jiragen fasinja a cikinta, da kuma layin dogo na farko a ƙasar, wanda aka buɗe a 1839. Babu tudu ko na magani. Hagu da dama filaye ne kore shar, shanu baƙi da fari, da magudanan ruwa a jere, kuma yawancin wannan yanki yana ƙasa da teku. Amma a Holan iska ce tudu. Daga yamma take tasowa, daga teku, mu kuma yamma muka nufa. Idan kana tafiyar kilomita 25 iska kuma tana taho maka da 25, turin da ƙirjinka ke sha ya ninka na ranar da babu iska sau huɗu. Mun wuce wani saurayi a kan keken tsere, ya kwanta a kan keken yana haki, mu muna zaune muna hira.

Sai dai hirar ba kyauta ba ce, batir ke biya. Na Yaya bolt 48 ne, mai ɗaukar wat 720 na awa guda, kuma takardar da aka sayar masa da shi ta yi alkawarin nisan da bai taɓa gani ba. A ranar da babu iska, in ji shi, yakan samu kilomita 50 da ɗoriya. In an haɗa sanyi da iska da nauyinsa na kilo 95, ya gode wa Allah in ya samu 40. Faffaɗar taya ita kanta tana cin wuta, domin roba mai yawa ce ke lanƙwasa tana miƙewa a kowane zagaye, kuma ƙurajen jikinta, waɗanda aka yi don kama ƙasa mai laushi, a kan kwalta jan baya kawai suke yi. Muna isa Halfweg, inda manyan rumbunan tsohuwar masana'antar sukari ke tsaye a bakin hanya, ya nuna mini allonsa: sanda ɗaya cikin biyar ta tafi. Ya rage matakin taimako daga biyar zuwa uku.

“Wanda bai iya tattali ba zai tura shi da ƙafa,” ya ce. “Kuma ka ji nauyinsa jiya.”

Na gwada kashe nawa injin na ɗan lokaci don in san gaskiyar maganar. Keken yana tafiya, amma kowane taku sai ka biya shi da numfashi. Duk mai niyyar saye ya kamata ya yi wannan gwajin tun a shago, domin ranar da batir zai ƙare a hanya tana nan tafe.

Haarlem muka ratsa ta tsakiya, ta dandalin kasuwa inda babbar majami'ar Bavo ke tsaye, ba mu tsaya ba sai don shan shayi. Bayan Overveen ƙasa ta canza. Gidaje suka ja baya, itatuwan fir suka matso, hanya ta fara hawa da sauka. Tudun Bloemendaal bai kai mita 50 ba, amma a wannan ƙasa dutse ne, kuma nan ne injin tsakiya ya nuna fifikonsa. Da yake ta sarƙa yake aiki, in ka sauke giya shi ma ya samu sauƙi, sai ya hau a natse. Na Yaya mai inji a cibiyar taya ya hau shi ma, amma da kuka, yana zuƙar wuta.

Daga nan muka shiga gandun Zuid-Kennemerland, wanda aka ayyana wurin kariya na ƙasa a 1995. Tuddan yashi ne bayan tuddan yashi, wasu tsirara, wasu lulluɓe da wata doguwar ciyawa mai kaifi da ƙananan itatuwa masu ƙaya da 'ya'ya ruwan lemo. Mun tarar da wasu shanu masu dogon gashi da manyan ƙahoni, irin na Sikotilan, kwance a tsakiyar hanya, sai da muka zagaye su. An kawo su ne da wasu dawakai don su riƙa cin ciyawa kada daji ya rufe tuddan. Ganin yashin nan fari tas a gefen hanya, ga taya a ƙarƙashina da aka yi dominsa, raina ya biya. Yaya ya girgiza kai. Ba a sauka daga hanya a nan. Tuddan su ne katangar da ke tsakanin teku da garuruwan da muka baro, kuma saiwar ciyawar nan ce ke riƙe da su. Inda taya ta tuge ta, iska za ta kama wurin ta yi ta kwasa. A kudu da Zandvoort ma akwai wani yankin tuddan da Amsterdam ke tace ruwan shanta a ciki tun 1853, can ko a kan hanya ba a yarda da keke ba. Wanda ya taso inda hamada ke cin gonaki ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Sai a bakin teku aka sake mu. Da rani, lokacin da gaɓar ke cika da masu wanka, garuruwan bakin ruwa kan taƙaita hawan keke, amma a watannin sanyi akan sassauta, har akwai tseren keke da ake yi a kan yashin Egmond duk watan Janairu. Mun duba allon ƙa'ida, muka gangara. Tsakanin ƙarshen hanya da ruwa akwai busasshen yashi mai zurfi, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki har idon sawu. Yaya ya durƙusa, ya kwance murfin bawul, ya danna tsinken ciki da farce. Iska ta yi ta fita yana matsa tayar da babban yatsa, yana sa geji, yana ƙara saki. Mai faci a gida yakan sa wa tayar mota 30 ko 32. Keken gari na son wajen 60. Mu a kan kwalta muna kan 20, yanzu ya saukar da mu zuwa 8. Da na zauna a kan sirdi na leƙa ƙasa, sai na ga tayar ta baje, gefenta ya kumbura, ta kwanta a kan yashin da tsawo da faɗi.

Sirrin ke nan gaba ɗaya. Nauyin mutum da keke ba ya canzawa, amma iya raguwar iskar taya, iya faɗin wurin da nauyin zai zauna a kai. Tayar da ke kan 8 tana taka ƙasar da ta ninka ta mai 60 sau bakwai da rabi. Siririyar taya ba za ta iya wannan ba, domin in ka rage mata iska haka ƙarfen ƙafar zai sauka ya tsinke tif. Tafin raƙumi haka yake yi, ya baje in ya taka, shi ya sa yake wucewa inda kofaton doki ke nutsewa.

Kuma ashe wannan taya da hamadarmu sun san juna tun kafin Amsterdam ta san ta. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram zuwa Tamanrasset a kan keke mai faffaɗar taya da aka haɗa don yashi, a 1986 kuma ya sake shiga Sahara da tayoyin gwaji da kamfanin Michelin ya yi masa. A ɗaya gefen duniya, a Alaska, masu tseren keke a kan ƙanƙarar hanyar Iditarod, wanda aka fara a 1987, suna ta haɗa ƙafar keke biyu da walda don su samu faɗi. A New Mexico wani mai suna Ray Molina ya sa aka ƙera masa faffaɗan ƙafafu don yawo a tuddan yashi. Sai a 2005 kamfanin Surly na Minnesota ya fitar da keken Pugsley, wanda ya kai irin wannan keke shagunan da kowa zai iya saye. Inji da batir daga baya suka zo, kuma su suka cike giɓin da ya rage, domin tafiya a kan yashi da ƙarfin cinya kaɗai aikin 'yan wasa ne.

Na taka feda. Keken ya ɗan yi rawa, tayar gaba ta nemi zillewa hagu, Yaya ya ɗaga murya daga baya: “Koma baya a kan sirdi! Sassauta hannu, kada ka daina murɗawa!” Na yi haka, sai abin ya zauna. Yashin da na saba ganin yana sauke mutum daga keke a hanyoyin ƙauye, ya bar shi yana turi yana gumi da buhu a kariya, shi ne nake tafiya a kansa a zaune, a hankali, amma ba tsayawa. Da muka isa inda ruwa ya janye ya bar yashi jiƙaƙƙe mai tauri, sai tafiya ta buɗe. Teku ruwan toka a hagu, kumfa tana gudu a kan yashi, ɓawon katantanwa yana fashewa a ƙarƙashin taya, can arewa hayaƙin masana'antar ƙarfe ta IJmuiden yana kwance a sama. Na waiga na ga dattijon da ke hawa matakalar gidansa yana dafa bango, ga shi yana dariya, hularsa ta sanyi ta karkace. Shekara da shekaru yana zaune kilomita 20 da ɗoriya daga wannan wuri, ya ce, amma sai da ya sayi keken nan ya fara zuwa.

Ƙananan ƙafafun kekensa sun fi nawa shan wuya a busasshen yashi, sau da yawa sai ya sa ƙafa a ƙasa, kuma cikin ɗan wannan yawon batir ɗinsa ya zubar da abin da ya kai na tafiyar Haarlem. A Zandvoort muka shiga wani gidan abinci da ke da wurin caji a waje, muka ci soyayyen kifi gutsure-gutsure da zafinsa, muka yi sallah a wata kusurwa da mai wurin ya nuna mana, muka ba batir awa ɗaya da rabi. Cikawa daga ƙasa zuwa sama kan ci awa biyar zuwa bakwai, don haka ƙari kawai muka samu. Sannan aikin famfo: mayar da taya huɗu masu wannan ciki daga 8 zuwa 20 da ƙaramin famfon hannu. Ba a tsallake shi, domin taya mai laushi a kan kwalta tana lilo a kwana, tana kuma cinye wuta. Muka wanke sarƙa da ruwan gora saboda gishiri.

A komowa muka yi musaya, iska tana bayanmu. Kafin Haarlem na gane abin da dogon sirdin nan ke ɓoyewa. Ba ya ɗaguwa. Mai tsawo yana zaune ne gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ba ta miƙewa, sai ya zama fedar juya ta kawai kake yi don inji ya ji, ba ka tura komai. A tafiyar kilomita 8 zuwa wurin aiki wannan daɗi ne, kuma ƙafa biyu suna isa ƙasa a danja, abin da ke kwantar wa mai shekaru hankali. A doguwar tafiya gwiwa takan fara zafi ta gaba. Na faɗa wa Yaya cewa motsin da likita ya nema, keken haya ya fi ba shi. Ya yi shiru har muka wuce gada, sannan ya ce shi ma ya ji hakan tun daga Zandvoort, kuma in wannan ya tsufa mai ɗaga sirdi zai saya.

Da magariba muka iso, shi da sanda ɗaya a allo. Ya zare batir ya hau da shi bene a hannu. Ba ya cajinsa da dare, ba ya kuma ajiye shi a bakin ƙofa, domin batirin litiyam in ya kama wuta ba ya jin ruwa da sauƙi, kuma ƙofar ita ce mafita ɗaya. Autansa mai shekara sha uku ya tare mu a falo da maganar da na fahimci kullum ake yi.

“Baba, duk 'yan ajinmu suna da shi. Doka ma ba ta hana ba.”

“Na sani,” uban ya ce. “Ka kai sha shida, ka iya ɗaga shi daga ƙasa kai kaɗai in ya faɗi, ka yarda da hular kwano, sai mu yi magana.”

Bayan an ci tuwo hira ta koma gida. Na ce ina hango malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a ƙauyukan Damagaram da arewacin Katsina, inda hanya yashi ce zalla kuma kuɗin mai ya fi ƙarfin albashi. Yaya ya yarda, amma ya lissafa mini abin da yashin Holan ba shi da shi. Akwai tsidau da ƙayar aduwa, faffaɗar taya kuwa fatarta ba ta da kauri, kuma tana share ƙasa da yawa, don haka sai an zuba mata ruwan da ke toshe huda. Akwai zafin Afrilu, batirin litiyam kuma ba a son a caja shi in ya haura digiri 45, sai a inuwa, bayan ya huce. Akwai wuta, wadda a wurare da yawa sai dai sola. Akwai kuma ranar da taya za ta ƙare, a nemi mai inci 4 a kasuwar gari a rasa. Ya ce duk wanda zai kai keke ɗaya, ya haɗa da taya biyu, tif huɗu da takalman birki.

Na tambaye shi ko zan iya tafiya da ɗaya a jirgi. Ya ce keken zai shiga, batir ne ba zai shiga ba: kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya ɗauki wanda ya wuce wat 160 na awa, nasa kuwa 720 ne. Sai dai a kwantena ta Rotterdam, tare da kayan da 'yan unguwarsu kan haɗa kuɗi su tura tashar jiragen ruwa ta Tema, daga can a bi da shi ta mota.